Ranar da Na Bi Hadari Zuwa Kwali

Akwai wani labari da Baffanku Lawal yake ba ku duk Sallah, bayan an ci an ƙoshi, wai mahaifinku tsoron intabiyu ne ya sa ya gudu ƙauye ya ɓuya a cikin tukwane. Kuna dariya, ni ma ina yi, domin ya iya ba da labari, kuma ban taɓa gyara masa ba. Amma bara ɗaya daga cikinku, Maryam, ta tambaye ni a mota, ba da wasa ba, ko da gaske haka aka yi. Na buɗe baki zan amsa, sai fitilar hanya ta ba mu hannu, na ja mota, maganar ta wuce. Kun san ni, ban iya dogon zance da baki ba. A takarda kaɗai nake iya kai magana ƙarshenta, shi ya sa na zauna nake rubuta muku wannan.

Lokacin da aka dawo da ma'aikatar su Baba nan Abuja, garin bai gama zama gari ba. Za ka ga titi mai faɗi ya miƙe ya shiga ciyawa ya tsaya, kamar ya manta inda za shi. Duwatsu sun fi gine-gine yawa, kuma da safe hazo yakan sauko ya zauna a kafaɗunsu har hantsi. Muna zaune a kwatas ɗin gwamnati a Garki, gidaje iri ɗaya, fenti iri ɗaya, har baƙo yakan shiga gidan maƙwabci ya yi sallama ya zauna kafin ya gane. Baba, kakanku, mutum ne mai tsari. Ya taso a gidan da ba a san abin da za a ci gobe ba, aikin gwamnati ne ya fitar da shi, don haka bai yarda da wata inuwa ba bayan ita: albashi a ƙarshen wata, gida, fansho in ƙarfi ya ƙare. Ni ne ɗansa na fari. Ni ne kuma yaron da in baƙi sun zo sai an neme shi a bayan ƙofa da littafi. Da na zaɓi karatun zanen gine-gine ya yi murna, domin a ganinsa garin da ake ginawa ba zai rasa wa mai zane kujera a ma'aikata ba.

Ina ɗalibi aka tura ni koyon aiki a gidan zanen da nake shugabanta yau. Yana nan inda kuka san shi a Wuse, sai dai a lokacin mangwaron tsakar gidan bai kai rufi ba. Ƙaramin gida ne aka fasa bangayen cikinsa aka shimfiɗa dogon tebur guda ɗaya, kowa a kansa yake aiki, har mai gidan. Sunansa Malam Isiyaku, amma ya hana a ce masa oga, don haka kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Mataimakiyarsa a wurin aiki ita ce Madam Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, mai hannu a zane da kaifin baki. Ranar da na fara zuwa na yi sallama, aka nuna mini gefen benci, na zauna na rungume jakata. An daɗe kafin Kawu ya ɗago kai.

"Kai ne ɗan makarantar?"

Na ce ni ne.

"Ka iya zane?"

"Ana koya mana."

"Zama fa? Ka iya zama?"

Ban gane tambayar ba. Madam Rifkatu ce ta amsa mini ba tare da ta ajiye fensirinta ba.

"Kawu, wannan kam ya iya. Tun da ya shigo bai motsa ba. Ni na ɗauka sabuwar kujera aka kawo mana."

Daga baya na gane abin da yake nufi. A gidan nan ba a ja layi ko ɗaya a takarda sai wanda zai yi zanen ya je filin da za a yi ginin ya zauna. Zaman fili muke ce masa. Ka je da sassafe, ka nemi gindin itace ko dutse, ka wuni. Ka ga ta inda rana ke shigowa da inda inuwa ke kwanciya da la'asar, ta inda iska ke kaɗawa, hanyar da awaki da yara suka riga suka zaɓa. In ginin na waɗanda ruwa zai iya cutarwa ne, to sai ka ga ruwan farko na damina a filin da idonka. Kawu ya ce ruwan farko ne kaɗai ke sauka a ƙasa tsirara, kana ganin duk inda ya bi. Bayan shi ciyawa ta rufe komai. Kuma ba a yi wa wani zaman. Wanda ya zauna, shi ke riƙe alƙalami.

Akwai wasu al'adun. Ba a sa sunan mutum a jikin zane, sai sunan gida. Tukunya ɗaya ake dafawa da rana, a ci a gindin mangwaro, direba da mai shara da Kawu duk a tabarma ɗaya. Ranar Juma'a Madam da sauran Kiristoci su riƙe ofis mu tafi masallaci, in mun dawo ta ce, "Kun roƙa mana kwangila ko kanku kawai kuka roƙa wa?" Ranar Alhamis kuwa a manna zanen makon a bango, kowa ya zo ya sa yatsa a bakin ƙofar zanen ya shiga, ya faɗi ko shi wane ne: tsohuwa mai ciwon gwiwa, yaro mai gudu, baƙon da ke neman bayan gida yana jin kunyar tambaya. Mai zanen ba ya cewa uffan sai an gama. Wannan al'adar ta yi mini daɗi ƙwarai. A karon farko na sami wurin da shiruna ba laifi ba ne, aiki ne. Na gama koyon aiki na ci gaba da dawowa duk hutu, na yi bautar ƙasa a wurin, ina gyara wa manya zane, ina wanke alƙaluma, ba wanda ya ce in zauna, ba wanda ya ce in tafi.

A ranin shekarar da na gama bautar ƙasa wasu mata suka zo daga wani ƙauye a gefen Kwali. Maginan tukwane ne. Shugabarsu Mama Talatu, gajeruwar dattijuwa mai hannaye kamar na namiji, ta ƙi kujera ta zauna a dandamalin ƙofa. Mai garinsu ya ba su fili a bakin ƙauye, suna so a zana musu rumfar da za su riƙa shanya ɗanyun tukwane kafin a gasa. Bulo su za su buga da kansu.

"Tukunya in ba a gasa ba, ƙasa ne kawai," in ji ta da irin Hausarta. "Ruwa ta taɓa shi, ya koma inda ya fito. Bara mun yi kuka. Ka yi aiki, ka yi aiki, ka tashi ka ga taɓo."

Ba irin aikin da gidajen zane ke rububi ba ne. Kawu ya saurare ta har ta gama, sannan ya duba teburin daga wannan kai zuwa wancan, ya tsaya a kaina.

"Habibu, naka ne."

Ban san yadda zan gaya muku abin da na ji ba. Na fara zuwa filin tun zafi bai sauka ba. Gangare ne mai sauƙi a ƙarƙashin wani tudu, da ɗorawa guda a gefe. Na auna shi ciki da bai, na san tudunsa da kwarinsa kamar tafin hannuna. Ina zaune a gindin ɗorawar nan ina jin bugun da matan ke yi wa yumɓu daga cikin ƙauye, tim, tim, kamar zuciyar wani babban abu da ke barci a ƙarƙashin ƙasa, sai rumfar ta fara tashi a idona. Na ga ginshiƙanta, na ga buɗaɗɗen gefenta yana kallon gabas don iskar safe, na ga tukwane jere a tsakiyar fili inuwa tana ratsa su. Har a mafarki nakan shiga cikinta in ji sanyin daɓen a tafin ƙafata. Komai ya kammala a kaina, takarda kaɗai aka hana ni.

"Kawu, na auna gangaren," na ce masa wata rana. "Na san inda ruwa zai bi."

"Ka san inda ya kamata ya bi. Jira ka ga inda zai bi."

A cikin wannan jiran ne Baba ya kira ni bayan sallar magariba. Ya ce ya yi magana da wani babba a ma'aikatar ayyuka, mutumin da bai taɓa roƙon komai a wurinsa ba sai wannan karon. Akwai gurbi ɗaya. Za a yi mini intabiyu ranar Talata mai zuwa a sakatariya, in na yi abin kirki aikin nawa ne, da gida a kwatas bayan ɗan lokaci.

"Wasan ya isa haka," in ji shi, ba da faɗa ba. "Wurin Isiyaku makaranta ce, ka gama. Yanzu sai aiki."

Na ce to. Ban taɓa ce wa Baba wani abu ba bayan to. Na gaya wa kaina cewa zan iya haɗa biyun: in ga ruwan, in zana rumfar, in miƙa, sannan in tafi ma'aikata da kwanciyar rai. Washegari na faɗa wa Kawu. Bai nuna komai a fuska ba.

"Ka je. Haƙƙin mahaifinka ne, kuma aikin ba abin ƙi ba ne. In ruwa ya zo ranar, Rifkatu za ta tafi filin, alƙalami ya koma hannunta. Ba horo ba ne, haka muke yi."

"Ni ba na son in ƙwace wa yaro abinci a baki," in ji Madam. "Ɗan makaranta, ka roƙi Allah ya riƙe ruwan nan zuwa Laraba. Ni ma zan sa baki a coci. Ta ko'ina dai a kai masa saƙo."

Ranar Talata gari ya waye da wani irin nauyi, ganye ko ɗaya ba ya motsi. Innarmu ta goge mini farar shadda. Baba ya shiga ɗaki ya fito da hularsa ta zuwa manyan taruka, wadda ba ya bari ko a taɓa, ya ɗora mini da hannunsa, ya ja baya ya duba, ya gyara karinta. Ya ce zai riga ni tafiya ya gaisa da mutumin, in same shi a barandar hawa na biyu. Na fito a kan lokaci na tsaya a bakin titi ina jiran mota. A nan ne iska ta taso, mai sanyi, mai ƙanshin ƙasar da aka jiƙa a wani wuri mai nisa. Na juya gabas, ta wajen Mararaba, na ga sama ta yi baƙi tun daga kan duwatsu har tsakiya, tana tahowa a hankali kamar bango mai tafiya. Na san hadarin garin nan. Daga gabas yake tasowa ya bi ta kanmu ya gangara yamma. Zai isa Kwali, kuma ba zai jira a gama yi mini tambayoyi ba.

Baffanku ya ce tsoro ne. Ba zan ce babu tsoro ko kaɗan ba, ni da ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci. Amma na haddace duk abin da za a iya tambayata, kuma mutumin ya riga ya yi wa Baba alkawari. Ƙofar a buɗe take, shiga kawai ya rage. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ruwa zai sauka a filin nan sau ɗaya tak yana tsirara, kuma wani ido ne zai gani ba nawa ba. Motar sakatariya ta zo ta tsaya, mutane suka shiga, ta tashi. A ɗaya hannun titin wani kwandasta yana rataye a ƙofar bas yana kiran Gwagwalada. Na tsallaka.

Tafiyar nan har yau kamar a mafarki nake tuna ta. Hadarin yana bayanmu, gabanmu kuma sama a washe, sai hasken ya zama ruwan ɗorawa, kowane dutse da kowace saniya a bakin hanya suka fito fes kamar an zana su da sabon alƙalami. Na sauka Gwagwalada na hau wata, na sauka a mararrabar ƙauyen na ƙarasa da gudu, hannuna ɗaya a kan hular Baba. Da na iso, tsohuwar a-kori-kurar ofishinmu tana tsaye a gindin ɗorawa, Madam Rifkatu tana zaune a kan dutsen da na saba zama, ta ɗaura leda a ka. Ta daɗe tana kallona.

"Ɗan makaranta, ba yau ne intabiyu ba?"

"Yau ne, Madam."

"To me kake yi a nan da farin kaya kamar ango?"

"Na zo zama."

"Babanka ya sani?"

Na girgiza kai. Ta miƙe ta zaro makullin mota daga ɗaurin zaninta.

"Shiga. In na taka wannan tsohuwar za mu iya isa kafin su tashi. Ka ce mota ce ta lalace, ni zan yi maka shaida, Allah ya yafe mini."

Ɗigon farko ya faɗo a kan hannuna, babba, mai ɗumi. Na ce mata na gode, amma a nan zan tsaya. Ta kwance ledar kanta ta miƙo mini, na ƙi karɓa, ta shige mota ta rufe ƙofa, ta juya fuskarta ɗaya gefen. Daga baya ta ce mini da gangan ta yi, don kada a ce ita ma ta gani.

Sai ruwan ya sauko. Da farko ƙasa ta riƙa shanye shi tana huci, ƙura tana tashi kamar hayaƙi. Sannan ta ƙoshi, sai ya fara tafiya. Na zuba ido ga tudun, inda awona ya ce zai gangaro. Ya gangaro kuwa, amma ɗan kaɗan, ya shige wata tsaga a gindin dutse ya ɓace. Babban ruwan ta wani wuri ya zo. Akwai wata siririyar hanya da matan ke bi zuwa ramin da suke haƙar yumɓu. Na taka ta ba adadi ban ɗauke ta komai ba. Ashe ƙafafunsu, shekara da shekaru, sun lotsa ta kaɗan, ƙura ta rufe lotsawar. Hanyar nan ta zama rafi, ja wur, ya taho da gudu ya ratsa ta tsakiyar filin, daidai inda na jera tukwanena a mafarki. Iska kuma ta kwanto da ruwan a gicciye daga gabas, ta shiga ta buɗaɗɗen gefen da na bari don iskar safe. Ina tsaye ina kallon rumfata tana narkewa tun ba a gina ta ba. Abin mamaki, ban ji baƙin ciki ba. Wani irin sauƙi na ji, kamar filin ya daɗe yana son ya yi mini magana sai yau ya sami baki.

Can gefe kuma na ga wani wuri da ruwan ya rabu biyu ya kewaye. Tsohon wurin gasa tukwane ne da aka daina amfani da shi, toka da fasassun tukwane sun taru sun ɗaga shi sama da sauran filin. Ban taɓa kallonsa a matsayin wurin gini ba, juji na ɗauke shi. Ina cikin kallonsa Mama Talatu ta iso, ta lulluɓe da buhu, ta tsaya kusa da ni ta bi rafin da ido.

"Ashe nan take bi," in ji ta. "Mu in ruwa ta zo muna gida muna kwashe tukunya. Wa ke da lokacin kallo?" Ta dubi shaddata da ta koma launin yumɓu. "Kai kuma matarka za ta kashe ka."

Na ce ba ni da mata.

"To uwarka."

Da ruwan ya ɗauke, gara masu fukafukai suka fito daga ƙasa suka cika iska, suna ƙyalli a hasken yamma, yara suka fito da kwanuka suna binsu. Na tsaya a tsakiyarsu jiƙe sharkaf, na san abin da zan zana, na kuma san abin da ke jirana a gida.

Ana kiran magariba na isa Garki. Baba yana zaune a baranda da kayan ofis, bai ko cire takalmi ba. Ya miƙe da ya gan ni, ya dube ni sama da ƙasa.

"Hatsari kuka yi?"

"A'a, Baba. Lafiya lau."

"To ina ka je?"

"Kwali."

"Yin me?"

"Na je ganin ruwa."

Ya maimaita maganar a hankali, kamar yana ɗanɗana ta. Sannan ya ce, "Na tsaya a barandar sakatariya har aka tashi. Mutumin yana fitowa yana tambayata, ina ce masa yanzu zai iso, yarona ba ya makara." Ya miƙo hannu. "Ba ni hulata."

Na cire na ba shi. Ta jiƙe, karinta ya karye. Ya riƙe ta ya shiga ciki. Bai zage ni ba, bai kore ni ba. Daga ranar dai in na gaishe shi zai amsa, shi ke nan. Shekaru aka yi haka.

Na zaci Kawu zai yaba mini. Da na shiga ofis washegari, shi ne karon farko da na ga ransa a ɓace.

"Ce maka na yi ka je. Ban kafa zaman fili don ya raba ɗa da uba ba. Da ka rasa wannan rumfar da wata ta zo."

Ya sa babbar riga ya tafi wurin Baba da kansa ya ba da haƙuri. Baba ya karɓe shi da mutunci, aka kawo masa ruwa, ya raka shi har mota, ba abin da ya canza. Da Kawu ya dawo ya zauna a kan tebur, sannan ya turo mini farar takarda.

"Tunda ka gani, zana."

Na ɗora rumfar a kan tsohon wurin gashin, na juya mata baya ga gabas, na bar iska ta shigo ta ƙananan tagogi a sama. Ruwan hanyar kuma ban tare shi ba, na yi masa magudana ta dutse ya zuba a ramin da matan za su riƙa jiƙa yumɓu. Ranar Alhamis aka manna a bango. Madam ta sa yatsa a ƙofa ta ce ita Mama Talatu ce ta ɗauko babbar randa, sai ta tsaya cak.

"Na maƙale. Ɗan makaranta, duk zaman da ka yi ba ka ga matan nan a kafaɗa suke ɗaukar kaya ba? Ka yi mini ƙofa mai tsawo kamar a ka nake ɗauka. Faɗi nake so."

Aka yi dariya, na faɗaɗa ƙofar. Rumfar tana nan har yau. An canza mata kwano, jikokinsu sun toshe gefe ɗaya suna cajin waya, kuma ba wanda ya san wa ya zana ta.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Zaman gidan ya yi mini nauyi, na koma ɗaki guda a Mararaba, ina fitowa tun da asuba ina bin cunkoso. Dangin mahaifiyarku sun daɗe suna jan ƙafa, domin ba su ga abin da ake kira aiki ba a wurin mutumin da ke wuni a gindin itace. Baffanku Lawal ne ya shiga ma'aikata daga baya, shi ya sami gidan da fanshon da aka so mini, kuma ya riƙe iyayenmu a shekarun da ni ban iya ba. Shi ya sa ba na gyara masa labarinsa. Har yau ma muna rasa manyan ayyuka saboda masu rukunin gidaje ba sa iya jiran damina, kuma yaran da ke kan teburin yanzu sukan nuna mini hoton fili a kwamfuta su ce ga komai nan. Nakan ce su je dai su zauna. Abu ɗaya na ƙara a kan al'adar Kawu, Allah ya ji ƙansa: duk wanda zai tafi fili sai ya gaya wa mutanen gidansu inda za shi. Madam ta yi ritaya ta koma garinsu, amma duk ruwan farko sai ta bugo waya ta ce, "Ɗan makaranta, wa ka tura?"

Shekarar da Baba ya ajiye aiki aka ba shi wa'adin barin kwatas. Yana da fili a Kubwa da ya daɗe da saya. Na ji labari a bakin Inna cewa yana neman mai zane, ban ce komai ba, shi ma bai ce ba. Wata safiya a farkon damina muna kan tebur, sai inuwa ta tare ƙofa. Baba ne. Bai taɓa taka gidan zanen ba sai ranar. Ya gaisa da Kawu, ya gaisa da Madam, ya dubi dogon teburin da zanukan bango, sannan ya dubi wani wuri kusa da kafaɗata.

"Hadari ya haɗo," in ji shi. "An ce ku ba ku zane sai kun ga ruwa."

A motarsa muka tafi. Muka zauna a kan wasu bulo da aka jibge a gefen filin. Sai a lokacin na lura da hular da ke kansa, karinta bai taɓa komawa daidai ba. Ruwa ya sauko, na buɗe lema na miƙa ta kansa, ya ture ta da bayan hannu. Muka jiƙe tare. Can ya ɗaga yatsa.

"Ga shi can yana bi ta bayan tsamiya. Ka gani?"

"Na gani, Baba."

"Ba ka rubutawa?"

"Ba a rubutawa. Kallo ake yi."

"To yi shiru mu kalla."

Gidan da kuke zuwa Sallah ke nan. In Allah ya kai mu wata Sallar da ta faɗo cikin damina, Baffanku ya zauna a barandar nan ya fara ba ku labarin tukwane, ku yi dariyarku yadda kuka saba. Amma ku dubi inda yake zaune. Duk yadda iska ta kwanto da ruwa, feshi ba ya kai masa.